Yawo da bindiga a fili a Amurka: da gaske ruwan dare ne?

Abu_Safwan: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga 'yan'uwanmu mazauna Amurka da duk wanda ya san dokokinsu. Ana ta yaɗa wani bidiyo na wani Bature a cikin kanti yana sayayya, ga doguwar bindiga rataye a kafaɗarsa. Ba ɗan sanda ba ne, ba soja ba ne, kuma babu wanda ya ce masa kanzil. Wanda ya saka bidiyon ya rubuta cewa haka rayuwa take a can, kowa da bindigarsa a ƙugu. Da gaske ne? Doka ce ta yarda, ko kawar da kai ake yi? Su kuma mutanen ƙasar, hankalinsu a kwance yake da hakan?

Bintu92: Wa alaikumus salam. Ni ma na gani. Wallahi da ni ce a kantin nan, ajiye kayan zan yi in kama gabana. Mazauna can ku zo ku ba mu haske.

Direban_Tirela: Malam Abu Safwan, bidiyon zai iya zama gaskiya, amma rubutun da ke ƙarƙashinsa an zuba masa gishiri. Sana'ata jan babbar mota ce, kuma na daɗe ina ratsa jihohin ƙasar nan daga gabas zuwa yamma. Idan ka tsaya shan mai a ƙauyukan Arizona ko Wyoming ko Montana ko Oklahoma, kana iya cin karo da mutum da ƙaramar bindiga cikin kube a ƙugunsa. Zai biya kuɗinsa ya fita, mai kanti ko ɗaga ido ba zai yi ba. Yawanci masu kiwon shanu ne, ko manoma, ko mafarauta a lokacin farauta. Amma doguwar bindiga a kafaɗa cikin kantin sayayya, ko a can ɗin ba abin yau da kullum ba ne. Shi ya sa ma aka ɗauke shi bidiyo. Da abin da aka saba gani ne, wa zai tsaya ɗauka? A manyan birane kuwa sai ka yi wata da watanni ba ka ga bindiga a jikin kowa ba, in ba ɗan sanda ko mai gadi ba.

Barista_Hauwa: Bari in ɗan shimfiɗa yadda dokar take, don a nan ake yawan rikicewa. Amurka ba doka ɗaya gare ta a kan wannan ba. Gyara na biyu na kundin tsarin mulkinsu, wanda ya fara aiki a 1791, ya ba jama'a 'yancin mallakar makami da ɗaukarsa. Amma yadda za a ɗauka, a fili ko a ɓoye, da lasisi ko babu, kowace jiha cikin 50 ɗin ita ke tsara nata. Mafi yawan jihohi sun yarda mutum ya saka ƙaramar bindiga a fili, da yawansu ma ba tare da wata takarda ba. Wasu sai da lasisi. Kaɗan ne suka hana, irin su Niyok da Ilinoi, da babban birnin tarayya Washinton. Akwai kuma jihohin da suka yarda amma wani babban birni a cikinsu ya fita daban: misali Kolorado ta yarda amma Denver ta hana.

Kotun ƙoli ta yi manyan hukunce-hukunce a kai. A 2008, a shari'ar Heller, ta ce 'yancin na kowane mutum ne a gidansa, ba sai yana cikin wata runduna ba. A watan Yunin 2022, a shari'ar Bruen, ta ce 'yancin ya haɗa da fita da bindiga waje don kare kai, ta kuma rushe dokar Niyok da ke cewa sai ka kawo dalili na musamman kafin a ba ka izini. Sai dai ba ta fito ta ce dole kowace jiha ta yarda da ɗauka a fili ba, shi ya sa har yanzu ake ta fafatawa a ƙananan kotuna.

Abu_Safwan: Na gode Barista. Ke nan a takarda kusan ko'ina an yarda, amma a titi ba kasafai ake gani ba? Me ya kawo wannan tazarar?

Garba_Hustan: Ni a Teksas nake, jihar da kowa ke ɗauka ita ce uwar bindiga. Abin da zai ba ka mamaki, Malam Abu, shi ne tun 1871 doka ta hana yawo da ƙaramar bindiga a nan, kuma saka ta a fili bai dawo ba sai ranar 1 ga Janairun 2016, shi ma ga masu lasisi kawai. Sai a ranar 1 ga Satumban 2021 aka cire sharaɗin lasisi ga mai shekara 21 zuwa sama wanda ba shi da wani laifi da ya hana shi, da sharaɗin bindigar ta kasance cikin kube. Lokacin da dokar 2016 za ta fara aiki an yi ta cewa gari zai cika da bindigogi. Ni dai a cikin birni ban ga wani canji na a zo a gani ba. Abin da ya ƙaru a idona shi ne alluna a ƙofofin kantuna da asibitoci da wuraren ibada. Akwai allo mai lamba 30.07, wanda ke hana mai lasisi shiga da ita a fili, akwai mai lamba 30.06 na hana shiga da ita a ɓoye. Mai wuri yana da ikon ya ce ba a wurinsa ba.

Tsohon_Soja: Amsar tambayarka, Abu Safwan, ita ce bindigogin suna nan, ido ne ba ya ganin su. Mutane sama da miliyan 20 ne ke da lasisin ɗaukar bindiga a ɓoye a ƙasar nan, kuma jihohi 29 ba sa ma neman lasisin. Saboda haka wanda ke bayanka a layin biyan kuɗi yana iya kasancewa da ita a ƙarƙashin riga, ba za ka taɓa sani ba. Masu ɗauka da gaske, mafi yawansu ɓoyewa suke yi.

Bintu92: Innalillahi. To ai wannan ya fi ba ni tsoro, Yallaɓai. Gara wanda nake gani, in san inda zan kauce.

Baba_Malamin_Tarihi: Bintu 'yata, abin da kika faɗa shi ne ainihin ra'ayin Amurkawan ƙarni na 19. A wancan zamanin ɓoye makami ne abin kunya, ana ganin halin maha'inci ne da ɗan ta'adda, wanda ke son ya shammaci abokin faɗansa. Mutumin kirki kuwa ya saka makaminsa inda kowa zai gani. Kentaki da Luwiziyana sun kafa dokar hana ɓoye makami tun 1813. A 1846 kotun ƙolin jihar Jojiya, a shari'ar Nunn, ta ce gwamnati na iya hana ɓoyewa amma ba ta da ikon hana ɗauka a fili. Yau abin ya juye: mai ɓoyewa ake ɗauka mai ladabi, mai nunawa kuma ana masa kallon mai neman magana.

Kuma kar finafinan kaboyi su ruɗe ku. Garuruwan da ake nunawa ɗin nan da yawansu sun fi jihohin yau tsanani. A Tombstone ta Arizona, dokar gari ta 1881 ta ce baƙo ya ajiye makaminsa idan ya shigo. Shahararren harbe-harben da aka yi a garin a watan Oktoban 1881 ma, ɗaya daga cikin musabbabansa shi ne jami'an tsaro sun je karɓe bindigogin wasu da suka ƙi ajiyewa.

Yaya_Habu: Allah ya ƙara girma Baba. Ni zan yi magana a matsayin wanda yake ɗauka. Ina Arizona, na samu takardar zama ɗan ƙasa, kuma aikina na kai ni wuraren da idan ka kira 'yan sanda sai ka jira tsawon lokaci kafin su iso. Ina saka tawa a ƙugu a fili idan ina bayan gari. Ban taɓa zaro ta don wani mutum ba, kuma ina roƙon Allah kar ya nuna mini ranar. Amma na yarda ɓarawo da ya hango ta zai sake shawara. Ɓarawo sauƙi yake nema, ba faɗa ba. Sannan ga zafi: a lokacin bazara a nan, saka riga biyu don ɓoye bindiga azaba ce. Maƙwabtana ba sa ganin abin a bakin komai.

Tsohon_Soja: Habu, ban ƙi ta taka ba a bayan gari, amma a cikin cunkoso ban yarda ba. Wanda ya shigo da mugun nufi, kai zai fara nema, don ya ga kai ne mai makami. Na biyu, ana fizge bindiga daga ƙugun mutum ta baya. 'Yan sanda kube na musamman suke amfani da shi mai makulli, kuma ana horar da su yadda za su hana a ƙwace. Mutum nawa cikin masu yawo da ita a fili suka yi wannan horon? A jihohin da aka cire lasisi, an cire har da tilascin shiga aji.

Yaya_Habu: Kubena mai makulli ne Yallaɓai, kuma na shiga aji da kuɗina ba don an tilasta ni ba. Amma na yarda ba kowa ke yi ba.

Maman_Khalil: Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina so a ji ɓangaren uwa. Ranar da na ga mutum da bindiga a ƙugu a wurin wasan yara, babu dokar da ya karya, bai yi wa kowa kallon banza ba, da 'yarsa ma ya zo. Amma iyaye da dama a hankali muka tattara 'ya'yanmu muka tafi. Babu wanda ya yi masa magana, don wa zai ja da mai bindiga? To shi zai koma gida yana cewa babu wanda ya damu. Malam Abu Safwan, shirun da ka gani a bidiyon nan ba lallai yarda ba ce. Wani shirun na tsoro ne. Yaya Habu, ka yi haƙuri, ba da kai nake ba, amma yaranmu a makaranta ana koya musu yadda za su ɓuya idan ɗan bindiga ya shigo. Yaron da aka koya wa haka, me kake so ya ji idan ya ga bindiga a kanti?

Yaya_Habu: Babu komai Hajiya, maganarki tana kan hanya. Ni kaina ba na zuwa da ita inda yara suke taruwa.

Mai_Bibiya: Don ƙarfafa maganar Maman Khalil, a duba abin da manyan kamfanoni suka yi, su da ba sa son rasa ko kwastoma ɗaya. A Satumban 2013 shugaban Starbucks na lokacin, Howard Schultz, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana roƙon mutane su daina shigowa da bindiga. A 2014 Chipotle da Target suka bi sahu, bayan wasu masu fafutuka a Teksas sun riƙa shiga da dogayen bindigogi suna ɗaukar hoto. Har ƙungiyar NRA, babbar mai kare 'yancin bindiga, ta fito a lokacin ta soki wannan salon, ko da yake daga baya ta janye sukan da 'ya'yanta suka yi mata ca. Sai kuma Walmart a Satumban 2019, bayan harin da aka kai kantinta na El Paso ranar 3 ga Agusta wanda ya ci rayuka 23, ta roƙi kwastomomi su daina ɗauka a fili.

Kwanaki kaɗan bayan harin na El Paso, wani matashi ya shiga wani kantin Walmart a Springfield ta jihar Mizuri da doguwar bindiga da rigar sulke, wai yana gwada ko za a mutunta 'yancinsa. Mutane suka watse a guje, aka kama shi, aka gurfanar da shi a kotu, alhali Mizuri jiha ce da ta yarda da ɗauka a fili.

Barista_Hauwa: Wannan misalin na Mizuri yana da muhimmanci. Yarda da ɗauka ba yarda da tsoratarwa ba ce. Da zarar ka zaro, ko ka nuna wani da ita, ko ka yi abin da zai firgita jama'a, ka shiga wani babin laifi. Sannan akwai wuraren da jiha ba ta da ta cewa: gine-ginen gwamnatin tarayya, da bayan shingen bincike a filin jirgin sama. Dokar tarayya ta 1990 kuma ta hana bindiga a tazarar ƙafa 1,000 daga makaranta, sai ga wanda ya cika wasu sharuɗɗa, kamar mai lasisin jihar.

Dan_Shikago: Duk kun yi magana amma an bar babban abin. Tambayar ba ko an yarda ba ce kawai, tambayar ita ce WA aka yarda wa. Mu da fatarmu take baƙa dole mu faɗa wa juna gaskiya. Ranar 5 ga Agustan 2014, John Crawford yana cikin kantin Walmart a Beavercreek ta jihar Ohayo, yana waya, riƙe da bindigar iska da ya ɗauko daga kan kantar kantin. Wani ya kira 'yan sanda, suka zo suka harbe shi har lahira. Ohayo jiha ce da ta yarda da ɗauka a fili. A Nuwamban shekarar, Tamir Rice, yaro ɗan shekara 12, ɗan sanda ya harbe shi har lahira yana da bindigar wasa a Cleveland, ita ma Ohayo. A Yulin 2016 Philando Castile a Minesota, yana da lasisi, da bakinsa ya gaya wa ɗan sandan yana da bindiga, aka harbe shi a cikin motarsa. Yaya Habu, Allah ya tsare ka, amma ni ba zan ba ƙanina shawarar ya yi abin da kake yi ba.

Baba_Malamin_Tarihi: Ɗan Shikago ya taɓo inda yake ciwo. Ku dubi Kalifoniya. Har zuwa 1967 doka ta yarda mutum ya yi yawo da bindiga mai harsashi a fili. Sai 'yan ƙungiyar baƙar fata ta Black Panther a Oakland suka fara bin motocin 'yan sanda da bindigoginsu a hannu, suna sa ido kan yadda ake kama baƙar fata. Ranar 2 ga Mayun 1967 wasu daga cikinsu suka shiga ginin majalisar dokokin jihar a Sacramento da makamansu. Cikin 'yan watanni aka zartar da dokar Mulford da ta haramta hakan, kuma gwamnan da ya sa hannu shi ne Ronald Reagan, wanda daga baya masu son bindiga suka ɗauke shi gwarzonsu.

Yaya_Habu: Ɗan Shikago, ban musa ko ɗaya ba, kuma ina tuna su duk lokacin da na ga fitilar 'yan sanda a bayana. Hannuwana kan sitiyari, in sanar da su, ba na motsi sai sun ce. Amma idan muka ce duk mu janye, mun yarda ke nan 'yancin na wasu ne ban da mu.

Dan_Shikago: Castile ma ya sanar da su, Yaya.

Sa'adatu_Z: Ku bar ni in fitar da mu daga Amurka kaɗan. Ina zaune a Suwizalan, kuma a nan kana iya shiga jirgin ƙasa ka ga matashi da bindigar soja a bayansa, zai je atisaye ko filin harbi, babu mai ko waiwayawa. Masu hidimar soja suna iya ajiye bindigarsu a gida, ko da yake tun 2007 aka yanke shawarar daina ba su harsashin ajiyewa. A 2011 an yi ƙuri'ar raba gardama kan a mayar da bindigogin rumbun soja, jama'a suka ƙi. Amma bambancin shi ne bindigar babu harsashi a ciki, kuma daga gida zuwa filin harbi ne. Izinin yawo da mai harsashi don kare kai yana da wuyar samu ƙwarai, yawanci masu aikin tsaro ake ba.

Alhaji_Mudi: Mu kuma a Birtaniya akasin haka ne gaba ɗaya. Bayan harin bindiga a wata makaranta a garin Dunblane a Maris ɗin 1996, inda aka kashe yara 16 da malamarsu, aka haramta mallakar ƙananan bindigogi a 1997. Yawancin 'yan sandan da ke sintiri a Ingila ma ba sa ɗaukar bindiga. A nan idan aka hango mutum da abin da ya yi kama da bindiga a titi, rufe unguwar za a yi.

Mai_Bibiya: Alƙaluman cibiyar Small Arms Survey na 2017 sun nuna Amurka na da bindigogi kusan miliyan 393 a hannun farar hula, wato kimanin 120 ga kowane mutum 100. Mai bi mata ita ce Yaman da kimanin 53. Amma binciken cibiyar Pew na 2023 ya ce kusan kashi 32 cikin ɗari ne na manyan Amurkawa suka ce su da kansu sun mallaki bindiga. Ke nan bindigogin sun fi mutane yawa, amma a hannun marasa rinjaye suka taru. Maganar "kowa da tasa a ƙugu" ba ta tsaya ba tun daga nan.

Malam_Ɗahiru: Allah ya saka wa kowa da alheri. Ina so in tuna mana cewa addini bai bar wannan babin ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu, don kar ya ji wa wani Musulmi ciwo. Ya kuma hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami. Bai hana ɗaukar makamin ba, amma ya ɗora wa mai ɗauka nauyin kiyaye mutanen da ke kewaye da shi. A fahimtata firgita mutane ma cutarwa ce, ko da ba a zubar da jini ba.

Maman_Khalil: Jazakallahu khairan Malam. Abin da zuciyata ke son faɗa ke nan.

Nura_Ɗalibi: Don Allah tambaya. Ni da bizar karatu na zo, ina Oklahoma. Abokan karatuna suna ta ce mini in zo mu je filin harbi, wani ma ya ce zai sayar mini da tasa. Tunda jihar ba ta neman lasisi, ina iya saya?

Barista_Hauwa: Nura ƙanina, kar ka kuskura. Wannan ba dokar jiha ba ce, ta tarayya ce. Wanda ya shigo da bizar wucin gadi, irin ta karatu ko ta ziyara, an hana shi mallakar bindiga ko harsashi, sai a wasu 'yan keɓantattun halaye, kamar wanda yake da ingantaccen lasisin farauta na wata jiha. Karya wannan babban laifi ne da ke kai mutum kurkuku, ya kuma jawo a kore shi daga ƙasar. Ko zuwa filin harbin ma, kar ka taɓa bindiga sai ka zauna da lauyan shige da fice ya duba takardunka. Mai katin zama na dindindin hukuncinsa daban ne.

Nura_Ɗalibi: Na gode sosai Anti. Na fasa.

Tsohon_Soja: In dawo kan tambayar asali. Akwai matsalar da masu goyon baya ba sa son a taɓo: ɗauka a fili yana ɗaure hannun 'yan sanda. Ranar 31 ga Oktoban 2015 a Colorado Springs, wata mata ta kira lambar gaggawa ta ce ga maƙwabcinta a waje da doguwar bindiga. Mai amsa wayar ta yi mata bayanin cewa doka ta yarda da hakan. Jim kaɗan mutumin ya kashe mutum 3. Sannan a Dallas ranar 7 ga Yulin 2016, da aka kashe 'yan sanda 5 a wurin zanga-zanga, akwai masu zanga-zangar da ke rataye da dogayen bindigogi bisa doka. Harbi na tashi kowa ya watse, 'yan sanda suka rasa gane waye maharin. Har hoton wani da ba ruwansa suka yaɗa a matsayin wanda ake nema. Shugaban 'yan sandan birnin na lokacin, David Brown, ya fito ya koka da wannan.

Garba_Hustan: Gaskiya ne Yallaɓai. Kuma na lura inda aka fi ganin dogayen bindigogi a fili shi ne wurin gangamin siyasa, ba kasuwa ba. Richmond ta Bajiniya a Janairun 2020, mutum wajen 22,000 suka taru, da yawansu da makamai, aka tashi lafiya. Ƙarshen Afrilun shekarar masu adawa da kullen korona suka shiga ginin majalisar Mishigan da bindigogi, suna tsaye a saman bene 'yan majalisa na zaune a ƙasa. A Janairun 2021 aka hana ɗauka a fili a cikin ginin. Sai zanga-zangar garin Kenosha a Agustan 2020, inda Kyle Rittenhouse, ɗan shekara 17, ya harbe mutum 2 har lahira, kotu kuma ta wanke shi a Nuwamban 2021 bisa hujjar kare kai. A irin waɗannan wuraren bindigar saƙo ce ake aikawa, kuma ko su masu bindiga kansu a rabe yake a kai.

Bintu92: Ni fa na karanta cewa Fulorida ma ta hana gaba ɗaya. Barista ba ki saka ta a lissafi ba.

Barista_Hauwa: Da haka yake, Bintu. Tun 1987 Fulorida ta hana ɗauka a fili, sai ga mai farauta ko kamun kifi ko makamancinsu. Amma a Satumban 2025 wata kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta ce haramcin ya saɓa wa kundin tsarin mulki, babban lauyan gwamnatin jihar kuma ya ce a daina kama mutane a kai. Konetikat kuwa akasin haka ta yi, ta haramta a Oktoban 2023. Dokokin suna sauyawa, wasu jihohi suna sassautawa wasu suna ƙara matsewa, saboda haka duk mai tafiya ya duba dokar jihar da zai shiga a lokacin da zai shiga.

Abu_Safwan: Na ƙaru ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Saura abu ɗaya ga Direban Tirela da Yaya Habu: idan baƙo irina ya tsinci kansa a kanti ya ga irin mutumin bidiyon nan, me ya kamata ya yi? Ya kira 'yan sanda ko ya yi shiru?

Direban_Tirela: Ni abin da nake dubawa hannu ne. Idan ƙarama ce tana cikin kube, mutumin yana harkar gabansa, to ka yi taka. Kar ka ƙura masa ido, kar ka ɗauke shi hoto a fuskarsa, kar ka ja shi da gardama. Idan kuwa bindigar tana hannu, ko ka ga yana waige-waige, ko ya rufe fuska, fita ka yi nisa sannan ka kira lambar gaggawa ta 911. Kuma ka faɗi abin da idonka ya gani kawai, kar ka ƙara ko kalma ɗaya, don kiran da aka yi wa ƙari ne ya jawo ajalin John Crawford.

Maman_Khalil: Ni dai doguwa ce ko ƙarama, a kube ko a hannu, idan ina tare da yara fita zan yi, kuma zan gaya wa manajan kantin dalilin fitata.

Yaya_Habu: Hakkinki ne Hajiya, kuma idan manaja ya ce in fita ko in mayar da ita mota, dole in bi, in na ƙi na zama mai kutse. Tsohon Soja, wane irin aji kake ganin ya kamata a tilasta wa mutum kafin ya fara ɗauka? Akwai wasu matasa biyu a wurin aikinmu da suka sayi nasu kwanan nan, ina so in tura su.